Ba Zan Ba Hedimasta Haƙuri Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zagaya tsakar gida ba sanda, Auta kuma ya gama jarrabawa, yanzu aikinsa ci da barci.

Inna ta isar mini da saƙonka, wai in je in ba hedimastanmu haƙuri, kai kuma ka kira abokinka na ofishin ilimi ya sa baki. Yaya, ban taɓa tsallake maganarka ba, amma wannan karon ba zan je ba. Na san Inna kuka ta yi maka fiye da bayani, don haka ga yadda aka yi.

Gidan adana kayan tarihi yana turo mana wata ma'aikaciyarsa duk wata, yara sun sa mata suna Mai Akwati. Takan zo da akwati cike da tsofaffin tukwane da saƙa da sassaƙa, waɗanda a can sai dai ka leƙa ta gilashi, amma a ɗakin zanena ta ɗora su a tafin hannun yaro. Su taɓa, su zana, su kwaɓa yumɓu su gwada nasu. Akwai wata ɗalibata da malamai suka gama yanke mata hukuncin daƙiƙiya. Ta gina tulu mai kyan da Mai Akwati ta roƙe ta aronsa, yanzu yana can gidan tarihin da sunanta a ƙasa. Ubanta tela ne, ya rufe shago ya je ya gani.

Sai ga sabon hedimasta. Ya ce wasan laka ba ya cikin jarrabawa, ya sa aka cika ɗakina da karyayyun kujeru, ya danna kwaɗo. Na same shi cikin ladabi na ce ya ba mu ko gindin bishiya ne. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in mayar da baƙuwata inda ta fito. To ranar da ta zo, na duba makarantar kaf, babu inuwa mai faɗi sai barandar ofishinsa. Nan muka shimfiɗa tabarmi. Yaya, da ka ga fuskarsa da ya fito ya tarar da aji guda suna murza yumɓu a bakin ƙofarsa! Sai da ya tattare rigarsa ya bi ta gefe kamar mai tsallake kwata. Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba, darasina ne a lokacinsa na koyar. Kuma mun share wurin tas kafin mu tashi.

Hukuncin ya fito makon jiya. An mayar da ni wata makaranta can bayan gari, mota biyu zan riƙa hawa. Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba, yaran nan sun shiga raina. Amma in na durƙusa masa, me zan ce na yi? Laifin koyarwa? Ka ce wa abokinka ya bar bakinsa, ba na son a roƙar mini kowa.

Na je na ga sabon wurin. Rufin ajin yana yoyo, yaran ba su taɓa riƙe burushi ba, amma bayan katangar akwai yumɓu mai laushi har ba a san iyakarsa ba. Da na faɗa wa Mai Akwati, ta ce direbansu ya san hanyar, wata mai zuwa za ta zo. A tsohuwar makarantar kuwa malamar lissafi ta karɓi tabarmina, iyaye kuma sun ce a ci gaba da darasin yumɓun. Hedimasta ya kore ni don ya huta da aji ɗaya, yanzu aji biyu ya haifa.

Ka gaishe da Anti da kyau, da Hajjaju ƙarama da mai sunan Baba. Inna tana gaishe ka, har yanzu fushi take da ni, amma ita ta ɗinke mini sabuwar jakar aiki. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Malamar zane