Zayyanar allon mahaifina ta koma kan takalmi, yayana ake zargi

Daga admin: Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a ɓoye sunanta. Mai shawara ya bayar cikin mutunci, ban da zagi.

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan guruf. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan ina rubuta saƙon nan ina gogewa, yau dai na ce bari in turo ko na samu wanda zai nuna min hanya. Sunayen da za ku gani duk na sauya su.

Ni 'yar Kebbe ce, shekarata ashirin da ɗaya, ina zaune wurin gwaggona a Tambuwal saboda kwas da nake yi a wata cibiyar koyon kwamfuta da sana'ar hannu. Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, kakanmu ne ya riƙe mu ni da yayana Sanusi da ƙannena mata biyu, Baba Malam muke ce masa. A gidan ba a taɓa barin mace ta fita gari don karatun boko ba sai ni, shi ma Yaya Sanusi ne ya yi ta zarya yana roƙo wajen wata huɗu kafin Baba Malam ya yarda. Har yau abin da ya sani shi ne ina koyon buga takarda a kwamfuta, bai ma san ina da babbar waya ba, Yaya ne ya saya min a ɓoye.

To a cibiyar tamu duk shekara ɗalibai masu fita sukan yi kayan tsaraba na Sallah, a kafa rumfa a sayar, da wannan ake ba da maki na ƙarshe. Mu goma sha huɗu ne bana. Tsarin shi ne a fitar da zane a kwamfuta, a buga a takarda, a yanke, sai masu aikin hannu su bi shi. Akwai masu saƙa faifai da mafici, akwai masu sassaƙa ƙwarya, akwai masu fata, ni kuma an sa ni a ɓangaren zane don an ce hannuna ya faɗa. Malamarmu ta ce ba ta son furanni irin na intanet da kowa ke kwafowa, tana son abin da duk wanda ya gani zai ce wannan namu ne. Sati biyu ina kawo mata tana cewa bai yi ba.

Da na je gida hutun mako, Baba Malam ya sa ni share masa ɗaki, don idonsa ya yi rauni sosai yanzu. Cikin akwatinsa na ga allon zayyanar da ya yi wa mahaifinmu lokacin saukarsa, an naɗe shi da farin ƙyalle. Baba Malam a zamaninsa har daga Dogon Daji da Jabo ake zuwa ya yi wa masu sauka zayyana, amma wannan allon ya fi kowanne, ja da rawaya da kore ba su dushe ba, kuma akwai wani ɗan ƙulli da yake yi a kowace kusurwa, wanda ya ce mahaifinsa ne ya koya masa, ba mai yin irinsa a yankin. Wallahi da farko don kewar mahaifina na ɗauki hoton. Sai da na koma Tambuwal ina kallonsa a waya tunanin ya zo min. Na zauna na cire rubutun da ke tsakiya gaba ɗaya, ko harafi ɗaya ban bari ba, na bi layukan gefen da ƙullin na sake zana su a kwamfuta.

Da Malama ta gani sai da ta miƙe tsaye, ta kira sauran malamai su zo su duba. Ta tambaye ni a ina na samo, gaban kowa, ni kuma bakina ya riga ni, na ce daga kaina ne. Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma ita ta ɗaure ni har yau. Nan take aka ce shi ne zanen ajinmu na bana. Aka sa shi a faifai, aka sa a bakin ƙwarya, a jakar hannu ta mata, a walat, a kofuna, har da katin barka da Sallah. Ba zan ɓoye muku ba na ji daɗi, ina ganin 'yan mata suna saƙa ƙullin kakana da kaba sai in ji kamar na raya wani abu da ke kwance cikin akwati.

Akwai wani ɗan ajinmu Murtala, ɗan gidan dukawa ne, shi ne ya fi kowa iya fata. Rannan ya zo da shawara a gaban Malama cewa a sa zanen a saman takalmin maza, don shi ne abin da ya fi tafiya da Sallah. Ina zaune a wurin. Na san daga jikin allo na ɗauko abin nan, amma in na ce a'a dole a tambaye ni dalili, dalilin kuma zai tona ƙaryata. Haka na bari aka amince. Sati uku Murtala da abokan aikinsa biyu suna kai, da fatar da mahaifinsa ya ba su, suka yi wajen ƙafa talatin, kuma gaskiya sun yi kyau.

Ashe ya kai ƙafa ɗaya rumfar mahaifinsa a kasuwa don a ga ko mutane za su so. Wani mutumin Kebbe ya saya, ya sa ya je masallacin Juma'a. Ƙanin mahaifinmu, Baffa, shi ya gan shi a bakin ƙofa cikin takalman jama'a, ya gane ƙullin. Ya jira mai shi ya fito, ya roƙe shi aron wari ɗaya, ya kai wa Baba Malam.

Ba na nan, Innarmu ce ta ba ni labari a waya tana kuka. Ta ce Baba Malam bai yi faɗa ba. Ya kai takalmin har dab da idonsa, ya yi ta bin ƙullin da yatsa, sannan ya ce a buɗe akwati. Da aka ga allon yana nan sai ya ce, “To ba a sace shi ba, hotonsa anka ɗauka. Wa ke shiga ɗakin ga da waya mai hoto?” Kowa ya san wanda ake nufi. Yaya Sanusi gyaran waya yake yi, shi ke shiga ɗakin kullum ya ɗiga masa maganin ido, kuma duk sati yana zuwa Tambuwal sayen kayan gyara, mai takalmin kuwa ya ce a rumfar dukawa a Tambuwal ya saya. Dama tsakaninsu da ɗan tsami tun da Yaya ya bar zaman karatun zaure ya kama sana'a. Baffa ya ce ai ba sai an yi bincike ba, Sanusi ya sayar wa dukawa zanen ne kawai.

An kira Yaya an tambaye shi, Inna ta ce bai ce eh ba bai ce a'a ba, ya sunkuyar da kai kawai. Tun ranar Baba Malam ya daina amsa gaisuwarsa, ya hana shi shiga ɗakin, maganin idon ma Baffa ke sawa in ya tuna. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne auren Yaya sati biyu ne bayan Sallah, Baba Malam ne waliyyinsa, yanzu ya ce wanda ya sa allon ubansa a ƙafar mutane ya nemi wani ya tsaya masa. Maganar ta fara fita gari, har gidan yarinyar da zai aura sun aiko suna tambaya ko lafiya.

Washegarin ranar da Inna ta ba ni labari, da safe Yaya ya kira ni. Ban ko gama sallama ba ya ce, “Na san ke ce. Ranar da kinka share ɗakin na gan ki da wayar.” Na fashe da kuka na ce zan hau mota in zo in faɗi gaskiya. Ya ce in kuskura. Ya ce shi namiji ne, in an yi fushi da shi wata biyu za a huce, amma in aka ji ni ce, ranar za a aiko a kwashe kayana daga gidan Gwaggo, kuma ƙannena biyu da ke jiran su gama sakandare su biyo ni sun gama fita ke nan har abada, don Baffa dama bai so tafiyata ba. Na ce to auren fa? Ya ce, “Ki bar min wannan. Ke dai ki gama ki karɓo takardarki.” Ya kashe wayar. Tun daga nan in na kira sai ya ce yana da kwastoma.

Na samu Murtala na faɗa masa komai, shi kaɗai ya sani a cibiyar. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce shi ma ya yi sauka, da ya san daga allo ne ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai sa a takalmi ba, me ya sa ban yi magana ba ranar da ya kawo shawarar. Ya ce zai iya daina yin sababbi, amma waɗanda aka gama fa, aikin mutum uku ne kuma da su za a ba su maki, ba zai iya zubar da su ba tare da ya gaya wa Malama dalili ba. Ya ba ni zuwa ranar Laraba in je in faɗa mata da bakina, in ba haka ba shi zai faɗa. Ban ga laifinsa ba.

Kuma ko na yi shiru ban ga yadda abin zai ɓoyu ba. Saura kwana tara a buɗe rumfa. Malama ta riga ta buga 'yan takardun da za a liƙa wa kowane kaya, a jiki an rubuta sunan wanda ya yi aikin hannu da sunan wadda ta yi zane, sunana ne cikakke har da na mahaifina. 'Yan ajinmu sun fara sa hotuna a sitatus. Mutanen Kebbe kuwa ba sa rabuwa da Tambuwal gab da Sallah. In na faɗa wa Malama, ban san ko za ta janye takalman kaɗai ba ko duka kayan, in ta janye duka na kashe wa mutum goma sha uku aikin wata biyu a kan ƙaryata, wasunsu matan aure ne da suka sha wahala kafin a bar su su zo. In na je gida na faɗa, na wanke Yaya amma na rufe wa ƙannena ƙofa, kuma na karya abin da shi Yayan ya zaɓi ya ɗauka saboda mu. In na yi shiru aurensa na iya lalacewa a kan abin da bai yi ba. Abinci ba ya shiga, Gwaggo har ta fara tambaya ko zazzaɓi nake yi.

Jiya bayan la'asar sai ga kiran Baffa a ƙaramar wayata, na ɗauka, ashe Baba Malam ne ya sa a kira masa ni. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya tambayi karatu, ya tambayi Gwaggo, ya sa min albarka. Sai ya ce ya ji an ce a makarantarmu har sana'ar hannu ake koyarwa, na ce eh. Ya ce, “To in kin taso Sallah ki zo min da abin da kinka yi da hannunki in tattaɓa, tunda idon ya ƙi.” Na ce to Baba. Jama'a duk abin da na yi a cibiyar nan tun daga faifai har kati, babu guda ɗaya da ba ƙullinsa a jiki.

Don Allah malaman da ke cikin guruf ɗin nan ku fara gaya min, tunda babu aya ko harafi a jiki, zunubin da na ɗauka na takalmin ne ko na ƙaryar ne ko duka biyun, kuma yaya ake gyara irin wannan? Iyaye mata, wa zan fara tunkara, Malama ko Baba Malam? In gida zan je, ni kaɗai zan shiga ko in nemi Gwaggo ta raka ni, kuma in bi maganar Yaya ko in saɓa masa don in cece shi? Wanda ya taɓa zama da tsoho mai irin wannan zuciyar ya gaya min kalmar da ake fara buɗe baki da ita, don ni na rasa. Laraba jibi ce, kuma zan karanta duk abin da kuka rubuta.