An Sake Zaunar da Hadiza a Rana

Azare, daren Laraba, bazarar 1994

Na dawo daga makaranta na tarar Inna ta sake zaunar da Hadiza a tsakar gida, rana tsaka, fuskarta shafe da garin magani. Wai sai rana ta bugi gyambon da ke kumatunta sannan zai bushe.

Sau nawa zan faɗa? Likitan Kano ya yi mana bayani dalla-dalla. Hasken rana yana lalata DNA, wato rubutun halitta da ke cikin ƙwayoyin fata. Jikin kowa yana gyara ɓarnar da kansa, amma na 'yata ba ya iyawa tun haihuwa. Ɓarnar ce ta taru ta zama ciwon daji a kumatunta.

Na sure ta na kai ɗaki. Inna ta ce, "Malam, da wannan ranar na yi jinyarku ku bakwai. Boko ne ya rufe maka ido."

Uwata ce. Shekara tara ina zana DNA a allo, 'ya'yan wasu suna cin jarrabawa da shi, amma a gidana na kasa fahimtar da mutum ɗaya.

Hadiza ta riƙe rigata ta ce, "Baba, gobe ma za ka tafi makaranta?"

Zan tafi. Inna ma ta sani.