Surukina Ya Daina Cin Abincina Saboda Manhaja

Anti, don Allah ki taimake ni, raina a ɓace yake. Ina da ɗan shagon tsara kati da buga takardu, kuma da manhajojin da masu su suka sakar wa duniya kyauta nake aiki, irin waɗanda kowa ke da izinin ɗauka har ya gyara. Ƙanin mijina kuwa, wani cima-zaune da ke kiran kansa injiniya, sana'arsa fasa makullin manhajar kuɗi yana ɗura wa mutane. Da Baba, surukina, ya gano ya kira shi ɓarawo, sai shashashan ya ce ai ni ma ban taɓa biyan ko sisi ba, wai jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ni da wannan? Mutumin da kwamfutarsa ke yi masa gorin sata kullum ya kunna ta? Tun ranar Baba ke dawo mini da kwanon abincinsa a rufe, wai ba ya cin haram. Ni na riƙe girkinsa tun rasuwar Inna, yanzu ga shi yana ramewa. Ban yi masa bayani ba, don tsohon ko waya ba ya iya dannawa. Mijina kuma ya zama kurma.

Mai Shagon Kati

'Yar'uwa, ƙanin mijinki bai cancanci tawadata ba. An kama shi ne, ya laluɓo wadda zai shafa wa. Wanda ya ɗebi ruwa a famfon da mai gida ya fito da shi waje don jama'a ba ɗaya yake da wanda ya haura katanga ba, ko da duka biyun ba su biya ba. Izini ne ya raba ku.

Amma ke ma da naki. Kin raina fahimtar dattijon da ya gwammace yunwa a kan loma mai shakka, kin bar maƙaryaci shi kaɗai yana masa karatu. Ki tasa kurman mijinki gaba, ku je ku zauna, ki faɗa wa Baba zancen famfon, ki karanta masa izinin da masu manhajar suka rubuta. Ya tambayi duk wanda ya yarda da shi.

Ki tafi da kwanon, da zafinsa. Allah ya sa ki dawo da shi wayam.