Mai Wannan Takarda Ta Rasu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Yaya ƙafar taka? Na rubuto ne tunda ba ka ji sosai a waya.

Baba, ina cikin tashin hankali. Hukuma ta manna takarda a ƙofar shagon ɗinkina: mako biyu in yi rajista in karɓi lasisi, ko su garƙame shi. Makarantar da ta ba ni ɗinkin yunifom ɗari biyu ita ma ta ce sai ta ga rajistar. Duk abin da suka nema na kai: hoto huɗu, takardar haya, sa hannun mai gidan, har tukunyar kashe gobara na saya na rataye. Da na miƙa takardar haihuwata, ma'aikacin ya buga lambar a kwamfuta, ya dube ni, ya ce, "Baiwar Allah, mai wannan takarda ta rasu tun tana wata bakwai." Na yi dariya, na ce to ga gawar ta zo da ƙafarta. Shi bai yi dariya ba.

Don Allah mene ne wannan?

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, muna lafiya, ƙafa da sauƙi.

Ma'aikacin bai yi ƙarya ba. Kina da yaya mace da ba ki sani ba. Ƙyanda ta ɗauke ta shekara biyu kafin a haife ki, sai muka maida miki sunanta. Ke a gida aka haife ki, ban yi miki takarda ba. Ranar sa ki a makaranta aka ce sai da takarda, na buɗe akwati na ɗauko tata. Na ce suna ɗaya ne, wa zai sani?

Innarki ba ta san na yi haka ba. Tana zaton takardar na ƙasan akwati har yau, kuma ko sunan yarinyar ba ta iya ambata, shi ya sa kika tashi Auta. Ki nemi wata hanyar, kada a tada wannan magana.

Allah Ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa. Babu wata hanyar. Sau biyar ina komawa. Na gwada sa sunan mijina, suka ce takardar haya da sunana take. Wani ya tare ni a bakin ƙofa ya ce zai buga min ta jabu, na ƙi, kuma wallahi sai da na yi tunani.

Abu ɗaya ya rage: wanda ya haife ni ya tsaya gaban kotu ya rantse cewa ni ce ni, ya faɗi ranar da aka haife ni. Magatakarda ya ce ba kama ka za a yi ba.

Saura kwana huɗu. Mata uku ke taka keke a shagon nan, ɗaya mijinta ya rasu. Yadin makaranta yana jibge a kan tebur, na kasa sa masa almakashi. Shekara talatin ina amsa sunan wata ban sani ba, ban yi fushi ba, Baba. Amma kada ka bar ni a mace a takarda ina numfashi. Ka zo.

Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Na faɗa wa Innarki. Ta yi kuka yini guda. Yau da safe ta ce ni ko ranar haihuwarki ban riƙe ba, me zan rantse a kai? Ita ce ta riƙe, Laraba ce, ana ruwa.

Muna tafe gobe, mu biyu. Ki yanka yadinki.

Mahaifinki