Taken Yayana Ba Kiɗan Rawa Ba Ne

Zuwa ga mawaƙinmu na hip-hop, ɗan Talata Mafara, mai sabon kundin nan da ya sa wa suna Daga Gona.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da mutanen gida, da abokan aikinka. Allah Ya sa haka, amin.

Ni ne mai shagon cajin waya da tura waƙa a kasuwar Mafara, mutumin Birnin Tudu. Ka san ni sarai, ko da yake yanzu wayarka ta manta lambata. Tun kana hawa kiɗan aro nake cusa wa mutane waƙoƙinka kyauta, har ana tsokanata wai ni ne manajanka. Na kira, na aika saƙo, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya, kundin kansa. Ranar da ya fito na rufe shago don in ji shi a natse. Wallahi sai da na duba ko na wani na ɗauko. Muryarka da muka sani garau an bi ta da na'ura, ta koma kamar mai mura ya sa kai cikin tulu. Kiɗa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sunan budurwa kawai ake canjawa. Ka ce Daga Gona, amma ba gero, ba dawa, ba masu shinkafar Bakolori da ka saba yi wa waƙa. Mota ce, agogo ne, sai Turancin da ko kai aka tashe ka daga barci ba ka iya maimaita shi. Duk wannan da sauƙi, ba a kanka aka fara yin waƙa ta yi lami ba.

Na biyu, bara bayan girbi ka zo gidanmu wurin mahaifina, makaɗin gangar noma. Ka san kowane jarumin manomi yana da takensa, kiɗan da idan aka buga a gayya shi kaɗai ake kira, ko yana ƙarshen gona zai ɗaga garma ya amsa. Ka kuma san a wurinmu idan mai take ya rasu ana ajiye taken, ba a sake taɓa shi sai ɗansa ya isa riƙe garma. Ka nemi Baba ya buga maka taken yayana Garba. Ya ƙi, ya gaya maka Garba ya rasu. Ka yi ta magiya, ka ce waƙar girmama manoman da suka riga mu gidan gaskiya za ka yi. Ya buga sau ɗaya kana ɗauka da waya, hawaye na bin gemunsa.

Na uku, inda na tarar da wannan take. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! A ƙarƙashin waƙar da kake cewa 'yan mata su juya ƙugu. Na kasa ko kashe wayar. Na yi shiru da bakina, ina fatan abin ba zai isa gida ba. Ashe ya riga ni. Makon jiya ana biki a maƙwabtanmu, mai kayan sauti ya saki waƙar. Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Da jin kiɗan sai ta saki rariya, ta nufi ƙofa ko mayafi babu, ta tarar da 'yan mata suna tiƙar rawa. Ta dawo ta zauna, ranar ko ruwa da ƙyar ta sha. Baba kuwa ya kwance igiyoyin gangarsa, ya rataye ta, ya ce bana ba ya fita gayyar kowa. Ga damina ta ƙarato, mutanen unguwa na ta zuwa ba shi haƙuri a kan laifin da ba nasu ba.

Don haka ina roƙonka abu biyu. Ka cire taken Garba daga wannan waƙa, ka sanar da masu tura waƙa na Mafara da Bakura da Maradun su goge tsohuwar. Ni dai ban tura wa kowa ba, ko da masu nema suna wucewa shagon gaba. Sannan ka zo da ƙafarka kafin ruwan shuka, ka durƙusa gaban tsohon nan. Ba kuɗinka muke so ba, ganga muke so ta sauko daga bango.

Baba bai zage ka ba. Da ya natsu, abu ɗaya ya tambaye ni: shin ko yaron ga bai ji ba lokacin da ya ce Garba ya rasu? Na ce wataƙila ba ka ji ba. Ni da kai mun san a tabarma ɗaya kuke zaune, har ka ɗaga hannu ka yi wa Garba addu'a.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya dawo maka da muryarka ta gaskiya, Ya sa kada mahaifiyarka ta ga rana irin wadda tawa ta gani.

Wassalam.

Ƙanen Garba,
Birnin Tudu.