Tabaran Mai Walda

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya kaɗaici? Tunda waya ba ta shiga inda kuke gyaran bututun nan, na ba mai kai muku kaya wannan takarda. Don Allah kada ka ajiye ta a aljihu yadda ka saba.

Ranar husufin rana duk gidan hayarmu muka hau saman bene. Gari ya yi wani irin duhu mara daɗi, tsuntsaye suka ruɗe, matar mai shago sai salati take yi. Rediyo ta ce kada a kalli rana sai da gilashin masu walda. Maigidana kuwa ka san shi da son a sani. Ya sauka ya buɗe akwatin da ka bar mana ajiya, ya dawo da tabaranka a fuska kamar shi ya shirya husufin. Ya ce bari ya gwada kafin ya ba yara. Gwajin da bai ƙare ba ke nan. Tun da rana ta fara gutsurewa har ta dawo daidai yana kallo yana ba mutane labari, yara suna jan rigarsa suna kuka. Har na yi masa faɗan rowa.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Yana zuba ruwa a gefen kofi. Jiya babbar 'yarmu ta shigo ya ce, “Wace ce?” sannan ya wayance da dariya. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce. Kuma kullum da safe yana jan motar makaranta cike da 'ya'yan mutane.

Yaya, wane irin tabarau ne a akwatin nan? Tsoro nake ji.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Lafiyata ƙalau, amma takardarki ta ɗaga mini hankali.

Wannan tabarau ba na walda ba ne. Na yankan ƙarfe da gas ne, kore-kore, har fuskar mutum kana gani ta ciki. Na walda yana nan wurina, baƙi ƙirin, in kika sa ko hannunki ba za ki gani ba. Ku duk abin da mai walda ya sa a ido sunansa gilashin walda. Wa ya aiki Direba cikin kayana? Mutumin da ko ƙwan fitila bai iya canzawa ba!

Mu in hasken walda ya buge mu, ido yakan yi kamar an zuba yashi, mu sha wuya mu warke. Ke ba ki ce yana jin ciwo ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ki kai shi asibitin ido ko da jan sa za ki yi. Sannan ya sauka daga motar nan tun yau. Ba shawara nake ba ki ba.

Ki gaida yara da surukarki.
Yayanki

*

Yaya,

Barka da aiki. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, kaina ne ba ya tare da ni.

Na kai shi. Sai da na yi ƙaryar nawa idon ne ke ƙaiƙayi ya rako ni, a can na haɗa shi da likita. Likita ya ce rana ta ƙona masa can cikin ido. Abin da ya kalla kai tsaye shi ne ba ya gani, sai gefe-gefe. Wataƙila ya washe bayan watanni, wataƙila ya zauna haka. Ya ce kada ya kuskura ya taɓa sitiyari.

Muna fita ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya ce, “Ki rufa mini asiri. Hanyar nan ko ido rufe na san ta. In masu makaranta suka ji, korata za su yi. Me zan ce wa Inna? Me kuma na iya in ba tuƙi ba?” Na yi masa alkawari.

Ka zage ni in ka ga dama, ga abin da nake yi. Na ce wa makaranta ina so in riƙa taya shi kula da yara. Ina zama kusa da shi, bakina a ƙasa-ƙasa: danja ta yi ja, ga babur ta hagu, ga rami, tsaya. Ni ce idonsa. Ɗinkina duk na watsar, masu kaya sun gaji da zuwa.

Shekaranjiya a ƙofar makaranta wata 'yar ƙaramar yarinya ta yar da gorar ruwanta, ta sunkuya a gaban mota tana ɗauka. Ni na juya ina raba masu faɗa a baya. Da na waiwayo, wallahi idonsa yana kanta sak, ƙafarsa tana kan totur. Ihun da na yi ne ya sa ya taka birki. Uwar yarinyar har ta zo tana yi masa godiya, wai direba mai lura. Shi kuma ya karɓa.

Da muka dawo na ce ya isa. Ya ce ai ba abin da ya faru, kuma in na buɗe baki in san inda zan kwana. Na san tsoro ne ke magana, ba shi ba. Amma in na faɗa na kashe gidana, in na yi shiru wata uwa zan kashe. Na rasa inda zan sa raina. Ka gaya mini wani abu ban da faɗa.

Taka, Auta

*

Auta,

Ba zan yi faɗa ba. Alkawarin da kika yi masa ba naki ba ne, da ran 'ya'yan mutane kika yi shi. Ki je wurin shugabar makaranta da kanki, zai fi sauƙi a kan ta ji daga bakina. Abinci da haya ki bar mini har mu ga abin da Allah zai yi. In Direba ya ce ki fita, ɗakina yana nan.

Ki yi ƙarfin hali, ƙanwata.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Na je, na faɗa. Sun karɓi makullin motar daga hannunsa a gaban maigadi, sun ce in ya kawo shaidar likita za su duba.

Bai kore ni ba, bai ɗaga murya ba. Bai dai ce mini uffan ba tun ranar. Yana zaune a bakin gado da takalman aikinsa a ƙafa. In na shigo da abinci sai ya kawar da kai wajen bango, ya daɗe a haka.

Yaya, ban sani ba ko fushi yake yi da ni, ko kallona yake yi da gefen ido.

Ka sa mu a addu'a.
Auta