Tagar da Auta Ya Bari a Buɗe

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙarin haƙurinmu?

Na yi ɓarna, kuma na rasa wanda zan faɗa wa sai kai.

Ka san saƙon da ke shiga wayar Mama kullum ƙarfe bakwai na safe: "Mama, a sha magani, kar a yi mini wayo." Auta ne ya haɗa shi a kwamfutarsa, da manhajar da ake rubuta wa umarni ta riƙa yin aikin da kanta. Wata biyu ke nan da rasuwarsa, saƙon bai fasa zuwa ba. Mama ta san na'ura ce, amma sai ta karanta shi take haɗiye ƙwayar hawan jininta.

Aikin yana buƙatar mabuɗin sirri na asusunsa, wanda ake saka wa manhajar a gefe, mu a wurin aiki muna ce masa bariyabul. Ana iya ajiye shi a fayil ya dawwama. Ana kuma iya buga shi da hannu a baƙar tagar umarni, ya rayu muddin tagar na buɗe. Sau nawa na yi masa faɗa ya riƙa sa nasa a fayil? Sai ya yi dariya ya ce gobe, Uwar Tsari.

Ranar Talata na shiga gyara ɗakinsa. Na ɗauke kofin shayin da ya bari, na goge tebur, na ga tagogi barkatai a allon kwamfutarsa. Hannuna ya riga hankalina, na rufe su duka, har da baƙar tagar. Ni da nake koya wa mutane wannan aikin.

Na sake tayar da aikin, ya ce babu mabuɗi. Na buɗe fayil ɗin, layin yana nan, sunan kawai, gabansa fayau. Na duba tarihin umarninsa ko zan ga mabuɗin, ashe ya kashe ajiye tarihin. Na zauna a kujerarsa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Jiya na tura wa Mama kalmomin saƙon daga wayata. Ta karanta, ta yi mini godiya, ta ajiye wayar. Yau na tarar da ita da ƙwayar a tafin hannu, ruwan na gefe, bakwai ta wuce da rabi.

"Yau ma Auta ya makara," ta ce.

Yaya, ka zo ka faɗa mata. Ni bakina ya kasa.

A gaishe mini da yara.

Ƙanwarka,
Uwar Tsari